Amsoshin Tambayoyinku: Rediyon Cikin Waya da Tallan da Ya Ishi Masu Sauraro

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan, galibinsu daga Zariya da garuruwan da ke kewaye da ita, sun taru ne a kan rediyon da ake saurare ta wayar hannu da kuma tallace-tallacen da ke biyo bayansa. Mun zaɓi huɗu daga ciki, mun rage tsawon wasu, kuma kamar yadda aka saba mun sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a Sabon Gari, kuma ba na jin daɗin zama a kan keke in babu rediyo. A da ina da ƙaramar waya mai tocila wadda nake kunna FM a kanta tun safe har yamma, babu data babu komai. Da na sayi babbar waya na nemi rediyon na rasa, sai wani yaron shago ya sauke mini wata manhaja da aka rubuta FM a jikinta. Yanzu kafin ta kama tasha sai na kalli tallan bashi ko na caca, in na taɓa allon wani tallan ya sake buɗewa, kuma datata ba ta yin kwana uku. Shin rediyon ne ya lalace, ko wayar ce ba ta da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Rediyo bai lalace ba, wayarka ma lafiyarta ƙalau. Abin da yaron nan ya sauke maka ne ba rediyon FM ba ne, ko da kuwa an rubuta sunan ɓaro-ɓaro a jikinsa. Hanyoyi biyu ne muryar gidan rediyo ke bi ta iso cikin waya, kuma ko kaɗan ba su haɗu ba. Ta farko ita ce wadda ƙaramar wayarka ke bi: gidan rediyo yana watsa shirinsa daga dogon ƙarfen da ya kafa, a kan zangon FM wanda ya kama daga megahaz 87.5 zuwa 108, sai wata 'yar mitsitsiyar na'ura da ke cikin injin wayar ta cafko shi kai tsaye daga iska. Wannan hanya babu ruwanta da layin da ke cikin wayar, domin ko ka zare sim ɗin ka jefa a aljihu za ta ci gaba da magana, kuma babu wanda ya san kana saurare, balle ya turo maka talla a kan allo. Hanya ta biyu kuwa ta intanet ce, inda gidan rediyo ke tura sautinsa zuwa wata kwamfuta, manhajar da ke wayarka kuma ta riƙa janyo shi daga can, kowace daƙiƙa da kuɗinka.

Lissafin datar a fili yake. Sauti mai matsakaicin inganci, wanda ke tafiya a kan kilobit 64 a daƙiƙa, yana cin kusan megabait 29 a kowace awa, wanda ya ninka shi inganci kuma yana cin kusan 58. Idan ka zauna a kan keke awa takwas da manhajar a kunne, ka ƙona megabait 230 ke nan a mafi ƙaranci, wato gigabait ɗaya da ƙyar zai kai ka kwana huɗu, kuma ba mu sa tallan bidiyon da ke faɗo maka a lissafi ba, wanda shi ma daga datarka yake ci. Ka tuna kuma cewa a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100, saboda haka abin da a da ba a ji zafinsa sosai ba yanzu yana taɓa aljihu.

Wani abin da ya kamata ka sani shi ne, da yawa daga cikin masu irin waɗannan manhajoji ba su da gidan rediyo ko ɗaya, ba su biyan albashin mai gabatar da shiri, ba su sayen litar man janareta. Abin da suke yi kawai shi ne su tattaro hanyoyin da tashoshi suka buɗe kyauta a intanet, su zuba su wuri guda, su kewaye su da talla, sannan kamfanonin talla su riƙa biyansu gwargwadon yawan waɗanda suka kalla ko suka taɓa. Misalinsu misalin mutumin da ya kafa benci a bakin rijiyar gari yana karɓar kuɗi a kan ruwan da ba shi ya haƙa ba. Wannan ne ya sa alamar rufe tallan take zama 'yar ƙanƙanuwa a can lungun allo, wani lokaci ma ba ta bayyana sai an ƙirga daƙiƙa biyar, ta yadda mutumin da hannunsa ɗaya ke riƙe da almakashi, in ya kai babban yatsa zai rufe, sai ya kuskure ya buɗe tallan gaba ɗaya. A wurinka kuskure ne, a wurin mai manhajar kuwa ciniki ne ya faɗa, kuma tashar da kake ƙauna ba ta ganin ko sisi daga ciki. Tallan bashin nan kuma ka yi nesa da shi, domin hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta sha ɗaukar mataki a kan manhajojin bashi da ke kwashe lambobin da ke cikin wayar mutum, su riƙa tozarta shi a wurin 'yan'uwa da abokan hulɗa idan biya ya yi jinkiri.

Gwajin da zai raba gardama mai sauƙi ne. Ka kashe data, ka kashe Wi-Fi, sannan ka kunna manhajar. Idan ta yi shiru, ko ta ce ka haɗa da intanet, to ba FM ba ce, ka goge ta. Babu wata manhaja a duniya da za ta ƙirƙiro na'urar kama FM a cikin wayar da ba a ƙera ta da ita ba, duk wadda ta yi maka wannan alkawari kuwa tallanta take so ka kalla. Kafin ka fid da rai, ka duba cikin manhajojin da wayar ta zo da su daga kamfani, domin da yawa daga wayoyin Tecno da itel da Infinix, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin, suna zuwa da rediyon asali, sai dai akan cusa shi cikin wata jakar kayan aiki tare da kalkuleta da na'urar naɗar murya. Idan talla ya ci gaba da faɗowa bayan ka goge manhajar, ka shiga saitin waya ka duba waɗanne manhajoji ne ke da izinin bayyana a kan sauran, ka cire wa duk wadda ba ka gane ba. Idan kuma babbar wayar ba ta da FM sam, shawarata ita ce ka dawo da mai tocilar ka rataye ta a jikin keke, domin a wannan aiki ta fi babbar, ga shi cajinta yana daɗewa ko da wuta ta yi ƙaura.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Samaru. Wayata tana da FM na asali, amma ba ta yarda ta kunna sai na soka iyafis mai igiya, na Bluetooth kuwa ko kallonsa ba ta yi. Yayana yana da iPhone mai tsada, shi babu rediyon ma gaba ɗaya. Wasu sun ce kamfanoni ne suke cirewa da gangan domin a tilasta mana sayen data. Gaskiya ne?

Amsa: Malama, igiyar iyafis ɗin ita ce eriyar rediyon. Tsawon zangon FM a wajen megahaz 100 ya kai mita 3, kuma eriyar da za ta kama shi da kyau tana bukatar kamar kashi ɗaya cikin huɗu na wannan tsawo, wato santimita 75, alhali eriyoyin da ke cikin babbar waya gajeru ne ƙwarai domin an yanka su ne daidai da zangon kira da na data. Igiyar iyafis, wadda takan ɗan haura mita guda, ita ke cike wannan giɓi, shi kuwa na Bluetooth ba shi da igiyar da za ta yi aikin. Saboda haka idan tasha tana shashasha, ki warware igiyar ta miƙe maimakon ki dunƙule ta a hannu, ki kuma matsa kusa da taga. Ko tsohon iyafis da kunnensa ɗaya ya mutu zai yi, ki soka shi, sannan ki zaɓi sautin ya fito ta lasifikar wayar. Da yawa daga ƙananan wayoyi masu maɓallai suna da eriyar FM a cikinsu, shi ya sa suke kama tashoshin cikin gari ba tare da igiya ba.

Batun cirewa da gangan kuwa, akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa, amma ba dukansa ba. A Amurka an daɗe ana wannan ja-in-ja tsakanin masu gidajen rediyo da masu ƙera waya, har ta kai a watan Satumban 2017, bayan guguwar da ta lalata turakun sadarwa a wasu sassan ƙasar, shugaban hukumar sadarwarsu na lokacin, Ajit Pai, ya fito fili ya nemi kamfanin Apple ya buɗe FM a wayoyinsa domin mutane su riƙa samun labari a lokacin bala'i. Kamfanin ya amsa da cewa iPhone 7 da iPhone 8 ba su da na'urar FM, ba su kuma da eriyar da za ta ɗauke shi. Dama tun 2016 ya toshe ramin iyafis a iPhone 7, wasu kamfanoni kuma suka bi sahu a manyan wayoyinsu. Ra'ayina shi ne ba sai an yi taron ɓoye ba kafin FM ya fita daga waya: abu ne da ba ya kawo wa mai ƙera waya ko kamfanin layi ko kwabo bayan an saya, masu sayen wayoyi masu tsada a Turai da Amurka kuma ba su cika tambayarsa ba. Ƙasar Norway ma ta rufe tashoshinta na FM na ƙasa baki ɗaya a 2017 ta koma rediyon dijital. Mu kuwa a nan bukatarmu daban ce, don haka duk wanda zai sayi waya a shagunan PZ ko kasuwar Sabon Gari, ya sa a kunna masa rediyon da data a kashe tun kafin ya ƙirga kuɗi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce, ina zaune a cikin birni wajen Ƙofar Doka, kuma FM na gaskiya nake saurare a ƙaramar wayata ina aikin gida. Damuwata da gidajen rediyon ne su kansu. Ana tsakiyar labarai ko karatu sai a yanke a sa talla, talla ɗaya a maimaita shi sau uku a jere, kuma da ƙarar da ta fi ta shirin. Mafi muni shi ne masu maganin gargajiya da ke faɗin kalmomin da ba zan iya ji a gaban 'ya'yana ba, sai dai in yi wuf in kashe. Shin babu doka ne, ko kuwa babu mai jin kokenmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai doka, kuma kokenku yana kan hanya, amma bari in fara da inda matsalar ta samo asali, domin sanin haka zai nuna muku ƙofar da ya kamata ku ƙwanƙwasa. Lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, gwamnati ce ke riƙe da shi, talla kuwa ƙari ne kawai. Haka aka tafi har 1992, lokacin da doka mai lamba 38 ta kafa hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, ta kuma buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, inda Raypower ta fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio kuma ta buɗe a Kano a 2003, sauran suka biyo baya. Gidan rediyo mai zaman kansa ba ya karɓar kaso daga baitulmali, mai sauraro kuma ba ya biyan komai, alhali na'urar watsa shiri tana shan wuta dare da rana, ga man janareta, ga albashi, ga kuɗin lasisi. A watan Afrilun 2024 kaɗai an ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka ware domin su fi samun wuta, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Manyan kamfanonin da a da ke riƙe gidajen rediyo da tallan sabulu da madara da lemo, a Legas ake yanka kasafinsu, kuma wani ɓangare nasa ya koma intanet. Abin da ya rage wa tashar cikin gari shi ne ta yanka lokacinta ta sayar wa wanda ya zo da kuɗi a hannu, waɗanda suka fi zuwa kuwa su ne masu magani da sojojin baka na 'yan siyasa.

Wannan bayani ne, ba uzuri ba. Gidan rediyo shi ke da alhakin duk abin da ya fita daga na'urarsa, ko da wani ne ya sayi filin, kuma ƙa'idojin NBC sun bukaci a bambanta talla da shiri yadda mai sauraro zai gane. Dokar da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, a 2022, wadda ta gaji APCON, ta tanadi a tantance talla kafin a watsa shi, tallan magani kuma sai da amincewar hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC. Dokar abinci da magunguna ta ƙasa ma ta hana a tallata wa jama'a magani da sunan yana warkar da wasu cututtuka da ta lissafa, cikinsu har da ciwon suga da ciwon daji. Lambar NAFDAC da mai magani ke karantowa da alfahari kuwa, a kan yawancin magungunan gargajiya, shaida ce ta cewa an duba ba a ga cutarwa ba idan an sha yadda aka tsara, ba shaida ba ce ta cewa maganin yana yin duk abin da ake faɗa. Don haka idan kun ji ƙulli ɗaya yana maganin basir da sanyi da hawan jini da rashin haihuwa, to mai maganin ne ya faɗa, ba hukuma ba.

Abin da ya fi ba ni takaici ma ba tallan da aka naɗa ba ne, wanda aƙalla kowa ya san talla ne. Shi ne wanda ake sa wa rigar hira. Za ku ji mai gabatarwa ya yi sallama da muryar da kuka saba jin labarai da ita, ya gabatar da baƙonsa a matsayin masani, ya yi masa tambayoyin da amsarsu duka tana komawa ga kwalba ɗaya, sannan a buɗe layi, mai kira na farko ya ce ya sha ya warke, na biyu ya ce maƙwabcinsa ma haka, ana karanto lambar waya da kwatancen shago kowane minti biyu. Tsohuwar da ta yarda da muryar nan shekara da shekaru ba ta da hanyar sanin cewa rabin awar nan gaba ɗaya sayen ta aka yi, kuma wannan amana ce tashar take cefanarwa, abin da ya fi lokacin tsada. Ƙarar tallan kuwa ba kunnenku ba ne ke yaudarar ku: masu haɗa talla sukan matse sautin yadda kowane harafi zai fito a ƙololuwar ƙarfi, alhali maganar mai karanta labarai tana hawa tana sauka.

Ga abin da za ku yi. Duk lokacin da aka sa tallan da ya keta haddi, ku rubuta sunan tashar, da ranar, da lokacin, da sunan maganin, domin koke marar waɗannan bayanai ba ya zuwa ko'ina. Ku fara da rubuta wa manajan shirye-shirye na tashar, kuma in da hali kada ku yi ku kaɗai: takarda ɗaya daga matan Islamiyya ko ƙungiyar unguwa, da sa hannun mutane da yawa, ta fi ƙorafin tsakar gida tasiri nesa ba kusa ba, domin masu sauraro su ne hajar da tasha ke nuna wa mai talla. Idan ba a gyara ba, ku kai ga ofishin NBC na shiyya da ke Kaduna, batun magani kuma ga NAFDAC. A wuri ɗaya kawai zan roƙi Hajiya ta sassauta, shi ne kada a haɗa duk sanarwa a yi musu kuɗin goro. Sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure, cigiyar yaron da ya ɓata, tallan mai taki a farkon damina ko na makarantar da ke ɗaukar ɗalibai, waɗannan hidima ce ga gari, kuma da su tashar ke sayen man da za ta kawo muku karatun da kuke saurare.

Tambaya: Malam, ni direba ne, ina lodi a Kwangila. Me ya sa tashar da nake ji garau a Zariya take ɓacewa in na yi nisa a hanyar Kano ko Funtuwa, kuma me ya sa waya ba ta kama BBC a gajeren zango kamar akwatin rediyon mahaifina? Sannan saƙonnin talla da kiran kamfani suna yawan katse mini sauraro.

Amsa: Zangon FM a miƙe yake tafiya, kusan iyakar abin da ƙarfen tashar ke hange, shi ya sa nisa da duwatsu da tudu suke yanke shi, kuma ƙarfin na'urar tashar da tsawon ƙarfenta su ke yanke hukuncin inda za ta kai. Gajeren zango kuwa yana haurawa sama ya bugi wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa a can nesa, da haka sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, da na Muryar Jamus, wanda ya fara a 1963, suka riƙa isa ƙauyukanmu. Na'urar da ke cikin waya FM kaɗai aka ƙera ta ta kama, sai dai wasu tashoshin gida suna da yarjejeniyar watsa shirye-shiryen waɗannan kafafe a kan FM a lokutansu, ta nan za ka same su ba tare da data ba.

Saƙonnin talla kuwa, tun 2016 NCC ta tanadi lamba 2442. Ka tura kalmar STOP zuwa gare ta domin toshe su duka, ko HELP idan kana so ka zaɓi irin waɗanda za a bar maka, kuma kyauta ne a kowane layi. Idan an ci gaba da damunka, ko ka ga ana cire maka kuɗi a kan wata hidima da ba ka nema ba, ka fara kai ƙara ga kamfanin layin, in ba su share maka hawaye ba ka kira 622, layin koke na hukumar. Wannan lamba ba ta taɓa tallan cikin manhaja ko na gidan rediyo ba, saƙon tes da kiran talla kaɗai take tarewa. Kuma tunda kana kan sitiyari, Malam, ka gyara rediyon motar ka bar na waya sai ka tsaya, domin eriyar mota ta fi igiyar iyafis kama tasha daga nesa, sannan kunnuwanka biyu suna buɗe ga hon ɗin tirelar da ke bayanka.